Yaron da ba a aika: lacca kan yara a wasannin ƙauye na kwamfuta

An gabatar da wannan lacca a wani zaman matasa masu koyon haɗa wasannin kwamfuta a Agege, Legas. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Ana ji na a baya? To madalla. Na bakin ƙofa ku matso, ga benci nan gaba babu kowa. Na san wasu daga Idi-Araba suka taso, wasu daga Mile 12. Wanda ya ratso cunkoson Oshodi da yammacin nan har ya iso, a ba shi ruwa kafin a ba ni.

Abubuwa huɗu na rubuto a takardar nan, duka a kan yaran da muke sakawa cikin wasannin ƙauye. Ina nufin irin gem ɗin da za a ba ka fili, ka yi noma, ka gina rumbu, mutane su yi aure su hayayyafa. Makon jiya wani ƙanenmu a ɗakin nan ya buɗe mini laftof, ya nuna mini ƙauyen da yake ginawa da Godot, wata manhajar haɗa wasanni. Wallahi ya yi ƙoƙari. Ga zaure, ga danga, ga rijiya da gugarta, har da kaji. Sai na hangi yara uku suna zagaya gindin kuka, zagaye ɗaya, biyu, goma. Na ce, "Waɗannan fa?" Ya ce, "Yaya, ai yara ne, ado ne." Na ce, ƙanena, a wane ƙauye ka taɓa ganin ɗan shekara takwas yana ado?

Na farko dai, gadon abin ya yi daga wasannin da suka gabata. Ku ɗauki Stardew Valley, wanda Eric Barone ya haɗa shi kaɗai, ya fito a 2016. Za ka yi aure, ka samu 'ya'ya har biyu, su yi rarrafe, su fara tafiya, daga nan girma ya tsaya cak. Ka shekara ashirin a gonar, yaron na nan yana gudu daga ɗaki zuwa ɗaki, ko ƙwai ɗaya ba zai ɗauko maka daga akurki ba. A Banished kuma, na 2014, yaro baki ne mai ci har ya cika shekara 10. Ranar da ya cika, in babu makaranta a garin, ya zama cikakken lebura kamar an kunna fitila. In akwai makaranta ya ƙara shekaru yana karatu, ya fito ya fi iya aiki. Frostpunk, na wani kamfanin ƙasar Polan a 2018, sai ya mai da abin doka: sanyi na kashe gari, ko ka sa hannu yara su shiga aiki, ko ka gina musu inda za a kula da su. Duk wasanni ne masu kyau. Amma ko dai yaro ado ne, ko ƙaramin lebura. Mu kuwa tsakanin biyun nan muka girma.

Akwai wani tsohon gem, Virtual Villagers, na 2006, da ya gano wani abu. A ciki laimar kwaɗi irin wadda ake ci takan tsiro nan da can, kuma yara ne kaɗai ke iya tsinto ta. Ka ɗora babba a kai, ba abin da zai yi. Kun ga dabarar? An ba yaro aikin da babba ba ya iyawa. Shi ya kawo ni abu na biyu, kuma ku yi haƙuri, a nan zan daɗe.

Aike. Aike, jama'a!

Wa ya taso a gidan da aka rubuta "Ba shiga" a bakin ƙofa? Ku ɗaga hannu. To, kusan kowa. Wannan rubutun wa yake hanawa? Namiji baligi. Ya tsaya a zaure, ya yi sallama, ya jira. Yaro kuwa? Fit, ya wuce, har uwar ɗaki. Innata tana cikin kulle, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, ba ta taɓa zama a kasuwa ba, amma rabin unguwa da man gyaɗarta suke miya. Da ƙafar wa? Da tawa da ta ƙanwata. Mu ke sayo gyaɗa, mu kai niƙa, mu kai kwalba gidan da aka yi oda, mu karɓo bashi, mu kai zubin adashi ranar Juma'a. Polly Hill, wata Baturiya mai bincike wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi rubutu kan wannan ɓoyayyen ciniki na matan cikin gida. Enid Schildkrout ta yi nata binciken a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa da yara cinikin yake tafiya. Abin da suka yi tattaki suka rubuta, mu da ƙafafunmu muka yi shi.

Yanzu ku mai da wannan gem. Kuna da lissafin neman hanya, ko ba haka ba? Wanda ke gaya wa mutumin cikin wasa ta ina zai bi. To ku yi taswira biyu. Ta manya ta ƙare a zaure. Ta yara ta ratsa cikin gidaje, ta bi ta kafar danga, ta ɓulla bayan gidan liman. Aikin yini guda ne ga wanda ya iya. Amma da kun yi shi, duk tattalin arzikin matan ƙauyen ya rataya a wuyan yara. Gidan da ba yaro, sai an roƙi na maƙwabta, kuma ga dalilin zumunci ya samu a cikin wasan ba tare da kun rubuta dogon labari ba.

Ban gama ba. Ka dawo daga aike, Inna ba canji kaɗai take karɓa ba. "Wa ka tarar? Jikin tsohuwa da sauƙi? Baƙon nasu ya tafi?" Yaro shi ne rediyon gida. To a wasanku, cikin kowane gida ya kasance a rufe, mai wasa ba ya ganin komai, sai ya aiki yaro sannan labari ya fito: gidan nan hatsinsu ya kusa ƙarewa, gidan can ana shirin suna. Kuma labarin ya zo yadda yaro ke kawo shi, rabi daidai, rabi abin da ya ɗauke masa hankali. Ka aike shi dubo mara lafiya, ya dawo yana ba ka labarin akuyarsu ta haifi uku.

Kuna neman agogon da zai ƙirga lokaci a fuskar wasa? Iyayenmu sun riga ku. Inna ta tofa yawu a ƙasa ta ce, "Ka dawo kafin ya bushe." Na ga Hajiya a can tana dariya, an yi mata ke nan, ko ita ta yi wa wani. Ku zana wannan ɗigon a kusurwa yana ƙanƙancewa, duk Bahaushen da ya gani ba ya buƙatar bayani. Sannan yaro yana tafe yana rera saƙon don kada ya manta, daddawa ta naira biyu, kanwa ta naira ɗaya, daddawa ta naira biyu, kanwa ta naira ɗaya. Ya yi tuntuɓe, ko ya tarar ana langa a dandali, ko gardawa sun zo da kura, shi ke nan, ya dawo da kanwa ta naira biyu. Ku bar wannan kuskuren a ciki! Kada ku goge shi. In yaro yana kai saƙo daidai kullum, to babur kuka haɗa.

Ga tukuici kuma. Ka kai kwanon abinci ko kyauta wani gida, a ba ka ɗan abin hannu. Wannan shi ne ladan yaron, nasa na kansa, ya tara ya sayi kaza. Ga amana: wanda ya saba dawo da canji cif, a fara aikensa nesa, har kasuwar ƙauyen gaba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshensa. Wata rana, kana wajen shekara 12 ko 13, ka nufi gidan da ka saba faɗawa ba sallama, sai wata tsohuwa ta ce, "Kai, ka girma, tsaya a zaure." Ni na tuna ranar tawa, kwalbar mai na hannuna, na tsaya ina jiran a turo ƙaramin yaro ya karɓa. Ku sa wannan a wasa. Ƙofofin da mai wasa ya dogara da su shekara da shekaru su rufe ɗaya bayan ɗaya, dole ya koma kan ƙanin yaron, ya fara koya masa daga farko.

Lokaci na gudu. Na uku, ayyukan gona, zan bi su da sauri don kun san su. Korar jan-baki in dawa ko shinkafa ta fara nuna, yaro a kan rumfa da majajjawa da igiyar gwangwanaye. Kai fura gona da hantsi. Yankan ciyawar tumaki. Kalar gyaɗa bayan an cire. Kowanne da lokacinsa a shekara, kada ku jera su duka rana ɗaya. Sai na huɗu, a'a, wannan ma cikin na ukun ne, koyo ta kallo. Masu wani gem, RimWorld, a ƙarin da suka fitar a 2022 mai suna Biotech, sun sa yaro yana bin babba yana kallon aikinsa, kuma a shekara 7 da 10 da 13 ana duba yadda ya samu koyo, shi zai nuna irin baiwar da za a iya zaɓa masa. Mu muna da wanda ya fi wannan daɗi: ɗan maƙeri da ke kan zugazugi tun kafin a ba shi guduma, da gayauna, ɗan filin da ake yankar wa matashi a gefen gandu ya noma nasa. Na'am, Malama? Bismillah, a miƙa mata abin magana.

Wata malama daga cikin masu sauraro: Malam, ni a firamare nake koyarwa nan Agege. Ina da yarinya a ajina, kafin ƙarfe goma ta kifa kai a tebur, don sai dare take dawowa daga talla a bakin titi. Ba ka tsoron gem irin wannan ya ƙawata abin da ke cin yaranmu?

Malama, na gode, kuma tsoron yana nan. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF, a rahotonsu na 2021, sun ce yara miliyan 160 ne ke aikin da ya fi ƙarfinsu ko yake cutar da su, kashi 70 cikin 100 a harkar noma. Wato a irin ƙauyen da muke zanawa. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta yarda yaro ya yi aiki mara nauyi na gida ko na gona a hannun danginsa, ta kuma hana a ɗora masa talla a manyan tituna. Jihar Legas ta yi tata dokar a 2007. Tallan da ƙanwata ta yi gida-gida ne, inda kowa ya san 'yar wace ce. Wanda ɗalibarki ke yi tsakanin danfo da tirela wani abu ne daban, ko da tiren iri ɗaya ne.

To ga abin da zan ce wa masu haɗawa. Kowane yaro a wasanku ya kasance da barcinsa, da karatunsa, da wasansa, kuma kowane aike ya ci daga ɗaya a cikinsu. Ku bar mai wasa ya iya tura yarinya tallan dare, kada ku toshe, don in kun toshe ba zai ga komai ba. Amma da safe ya ga gurbinta a makaranta, ko ya gan ta kai a kife, allonta ba a wanke ba kwana uku. Kuma kada ku mai da uwar muguwa. Kuɗin nan na cefane ne, wani lokaci na kayan ɗakin yarinyar ne ake tarawa. Ku ba ta wata hanya a cikin wasan, mai wuya amma mai yiwuwa: ta shiga adashi, ta kafa tebur a zaure, masu saye su riƙa turo nasu yaran da rana.

Malama, in ba damuwa, ranar Asabar ki zauna da ƙanenmu mai yara uku a gindin kuka. Ki gaya masa ƙarfe nawa take kifa kai, me take cewa in kin tashe ta, wace rana ce a mako ba ta zuwa. Kai kuma ka zo da littafin rubutu. Ga shi ana kiran Magariba. Na huɗun maganar sauti ce, waƙoƙin gaɗa da muryoyin talla, sai zama na gaba. Wanda ya san masallaci mafi kusa ya shige gaba.