Kambin da ya dawo hannun George Bailey

Jama'a, mu tsayar da hoton a nan. Ku dubi hannun mutumin nan, George Bailey, a fim ɗin It's a Wonderful Life. Abin da ke rataye a damtsensa kambi ne na ɗanyen ganye, irin wanda Turawa ke maƙalawa a ƙofa lokacin Kirsimeti. Ya shigo ofis da murnarsa, aka ce masa ƙaninsa Harry na kan waya daga Washinton. Ga shi ya ajiye kambin. Kun gani ko? Ya ajiye. Ya ɗauki kan waya, hoto ya sauya, sai ga kambi ya dawo damtsensa, alhali ba wanda ya miƙa masa.

Wannan fim ɗin It's a Wonderful Life ne, na shekarar 1946, wanda Frank Capra ya ba da umarni. James Stewart ne ya fito a George Bailey, Donna Reed kuma ta fito a Mary, yarinyar da ta ƙwallafa rai a kansa tun suna yara har suka yi aure. Da ya fito bai yi wata kasuwa ba. Sai a 1974, da aka yi sakacin sabunta haƙƙin mallakarsa, gidajen talabijin na Amurka suka shiga haska shi duk Disamba, har ya zame wa mutanen can al'ada. Fim ɗin da ake maimaitawa haka, ba abin da zai ɓuya a cikinsa.

To yaya aka yi kambi ya dawo? Abin da muke gani kamar minti ɗaya da ya gudana a jere, guntaye ne aka ɗinke. Ana ɗaukar fitowa daga nesa, a tsaya, a matso da kyamara, a gyara fitilu, jarumi ya maimaita maganarsa tun daga farko. Tsakanin ɗauka da ɗauka ana iya shafe awanni, wani lokaci kwanaki. Shi ya sa ake ajiye mai kwantiniti, aikin da 'yan Kannywood ma suka sani sarai. Shi ne zai rubuta hannun da aka riƙe kofi da shi, inda hula ta karkata, yawan shayin da ya rage. A 1946 kuwa daga ido sai fensir da takarda. Babu allon da za a mayar da hoto baya a duba nan take, domin sai an kai fim an wanke kafin a ga abin da aka ɗauka. Ko kyamarar Polaroid mai fitar da hoto nan da nan, sai 1948 ta shigo kasuwa.

Amma ni inda abin ya fi ɗaukar hankalina shi ne teburin edita. William Hornbeck ne ya haɗa wannan fim, kuma aikin nasa ya kai shi cikin waɗanda aka zaɓa takarar kyautar Oscar ta wannan fanni. Mutum irin wannan, da ke bin fim hoto bayan hoto, da wuya a ce kambi ya wuce shi. A ganina zaɓi ya yi. Idan ɗaukar da jarumi ya fi zuba wasa a cikinta ita ce mai kambi a hannu, ita za a saka. Kuma ku gwada da kanku: karon farko da kuka kalli fitowar nan, ina idonku yake? Yana kan fuskar George, yana farin cikin lambar yabon da ƙaninsa ya samu a yaƙi. Mai son kama irin wannan kuskure sai ya janye idonsa daga fuska, ya koma kan hannu, da tebur, da agogon bango, daidai lokacin da hoto ya sauya.

Kuskure na biyu ba na hannu ba ne, na lissafi ne. Can wajen ƙarshe, lokacin da Clarence, mala'ikan da ke cikin labarin, yake nuna wa George yadda garin zai kasance da ba a haife shi ba, sun je maƙabarta. Clarence ya ce Harry ya nutse a ruwan ƙanƙara yana ɗan shekara 9. George ya share dusar ƙanƙarar da ta rufe dutsen kabarin, sai ga 1911 zuwa 1919. Ko ta ina aka lissafa, bai wuce shekara 8 ba. Marubuci na can da alƙalaminsa, mai sassaƙa dutse na nan da nasa aikin, ba a haɗa su an daidaita ba.

Yanzu ku dubi goshin George a kan gada, a daren da duniya ta yi masa zafi bayan ɓatan dala 8,000 na kamfaninsu. Dusar ƙanƙara na zuba, shi kuwa gumi yake yi. Dalili, an ɗauki fim ɗin ne a Kalifoniya cikin zafin bazara, a wani gari da aka gina don fim a filin kamfanin RKO da ke Encino. Ƙanƙarar ma haɗi ce. Kafin nan, gutsattsarin masarar karin kumallo ake shafa wa farin fenti a watsa, ga ƙara idan an taka, har sai an sake naɗar maganar 'yan wasa daga baya. Capra yana son muryoyin wurin ɗauka, sai Russell Shearman da abokan aikinsa suka haɗa kumfar kashe gobara da sabulu da ruwa, kuma sun samu lambar yabo ta fasaha a kan haka. Gumin nan dai, ni ban ɗauke shi aibi ba. Mutumin da ke cikin irin wannan tashin hankali, ko a cikin sanyi zai iya jiƙewa.

Akwai kuma wanda da gangan aka bar shi. Bayan walimar dawowar Harry da amaryarsa, Kawu Billy ya fito a buge yana tangaɗi, ya fice daga hoto. Sai a ji kwaram, kamar ya afka cikin gwangwanayen shara, ya ɗaga murya yana cewa lafiyarsa ƙalau. Kamar yadda aka sha ba da labari, wani ma'aikaci ne ya kayar da kayan aiki a bayan kyamara. Thomas Mitchell, mai fitowa a Kawu Billy, ya ƙirƙiri amsar nan take, dariyar da kuke gani a fuskar Stewart kuma ta gaske ce. Ma'aikacin ya zaci korarsa za a yi. Capra ya bar ƙarar a fim, ya kuma ba shi tukuicin dala 10.