Housesteads: barikin Rumawa da bandakinsa ya fi ofishin kwamanda suna

Jama'a masu sauraro, yau dai sai mu haura can arewacin Ingila, yankin Northumberland, inda tumaki ke kiwo a kan tsaunuka iska na kaɗawa ba dare ba rana. A kan wani tudu can ne kangon barikin sojan Rumawa yake, Housesteads, jikin ganuwar nan da sarki Hadrian ya sa aka fara ginawa a shekara ta 122, mai tsawon kilomita kusan 117 daga teku zuwa teku.

Soja kusan 800 aka jibge a wurin, kuma fa ba 'yan birnin Rum ba ne, Tungriyawa ne daga yankin da yau ake kira Beljiyam, wato an ɗebo talakan wata ƙasa an ce zo ka tsare mana iyaka a wata ƙasar, cikin sanyi da ruwan sama.

To amma ni abin da ya fi ɗaukar min hankali wallahi ba ofishin kwamanda ba ne, bandaki ne. Eh bandaki! Har yau yana nan a kusurwar bariki ta gangare, da magudanarsa ta dutse, a da katako aka shimfiɗa aka huda ramuka a jere, ba katanga ba labule, kowa na ganin kowa ana ta hira. Da yake tudun ba rijiya a ciki, ruwan sama suke tarawa a tankunan dutse, shi ake sakowa ya wanke ƙazantar ya gangara waje. Ga kuma rumbunan hatsi da aka ɗaga daɓensu a kan ginshiƙai don iska ta ratsa ta ƙasa, danshi bai taɓa hatsi ba balle ɓera ya samu sakewa, duk manomin da ya taɓa ɗora rumbu a kan duwatsu ya gane dabarar. Har asibiti akwai. Duk wanda ya tsara wurin nan ya san soja da cikinsa yake yaƙi.

Da mulkin Rumawa ya kau wajen shekara ta 410, sai manoma suka riƙa kwasar duwatsun suna gina gidaje da shinge, daga baya ma wasu 'yan gidan Armstrong, ɓarayin shanu da dawaki, suka mayar da ƙofar kudu maɓoyarsu. Sai a 1838 wani lauya John Clayton ya sayi filin aka daina kwasar.