Amsoshin Tambayoyinku: Zafin Inji a Motocin Ɗaukar Kaya

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Da yake bazara ta kama, wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato zafin inji a motocin ɗaukar kaya, akori-kura da Hilux da danginsu. Tare da ni akwai bakaniken da ya saba amsa mana. Oga, barka da zuwa.

Bakanike: Barka kadai, Malam. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga wani direba ce a Funtuwa, mai ɗaukar masara zuwa kasuwar Dawanau. Ya ce motarsa ta riƙa zafi, sai bakanikensa ya cire mata tamostat, ya ce masa ai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Tun daga nan ba ta ƙara zafi ba. Yana tambaya, ya bar ta haka?

Bakanike: To, ɗan'uwa, ni dai shawarata a mayar. Na san yawancin abokan sana'ata ba za su so jin haka ba, domin cire tamostat ya zama al'ada a garejinmu. Amma Hilux ɗin nan da ake sayarwa a Saudiyya, inda zafi bai gaza namu ba, da tamostat ɗinta take fitowa daga kamfani.

Aikinsa shi ne tsare ƙofa tsakanin inji da lagireto, inda ruwan inji ke zuwa ya huce. Akwai wani kaki a cikinsa, idan ruwa ya yi zafi sai kakin ya kumbura ya tura ƙofar ta buɗe. A motocin Toyota da yawa yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, za ka ga lambar a jikinsa. An ƙera inji ne don ya yi aiki da zafinsa, ba a sanyaye ba. Ka tashi da asuba lokacin hunturu ba tamostat, ruwa na ta zagayawa cikin lagireto, ka yi tafiya mai nisa allurar da ke nuna zafin inji ba ta ɗaga ba. Kai kana murna, alhali mota na shan mai fiye da ƙima, ringi na cinyewa, baƙin mai na saurin lalacewa. Idan mai kwamfuta ce, tana ganin inji bai ɗumama ba za ta ci gaba da ƙara masa mai.

Akwai kuma abin da ba kowa ya lura da shi ba. Yawancin tamostat na da wani ɗan faifai a ƙasansa, wanda ke toshe wata gajeriyar hanya ta cikin inji idan ya buɗe, don dole ruwan ya bi ta lagireto. Ka cire shi, hanyar nan ta zauna a buɗe, wani ɓangare na ruwan ya riƙa kewayawa cikin inji bai je ya huce ba. Shi ya sa za ka ga mota ba tamostat, amma ranar da aka labta mata buhuna ta kama hawa da tsakar rana, sai ga ta tana tafasa.

Mai gabatarwa: Amma Oga, ya ce fa zafin ya daina.

Bakanike: Ɗaya daga cikin biyu ne. Ko dai tsohon ya maƙale a rufe, maganinsa sabo. Ko kuma lagireton ne ya fara toshewa, cirewar ta ɓoye ciwon na ɗan lokaci. Idan tsohon na nan, ya ɗaure shi da zare ya rataya a cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa ya kamata ya ga bakin ya buɗe. In har ya tafasa bai motsa ba, ya mutu.

Mai gabatarwa: Sai wata baiwar Allah daga Zariya. Ta ce ƙaninta yaron mota ne, ya buɗe murfin lagireto a hanya, ruwa ya watso masa a hannu da wuya. Tana so a yi wa direbobi bayani.

Bakanike: Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci yau. Murfin nan ba marufi ne kawai ba. Ka juya shi za ka ga sifirin a ƙasa, a samansa kuma an rubuta 0.9 ko 1.1, wato ƙarfin matsin da yake riƙewa. Ruwa a fili yana tafasa a digiri 100, amma a matse haka sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. To ka ga ruwan da ke ciki ya riga ya wuce ma'aunin tafasa, murfin ne kaɗai ya danne shi. Kana murɗewa, gaba ɗayansa zai tafasa a lokaci guda ya yi tsiri, kuma fuskar mai buɗewa ce a saitin.

Idan allura ta doshi ja, ka kashe na'urar sanyi, ka kunna hita har ƙarshe, tana janye zafi daga inji ko da kai za ka sha gumi. Ka gangara gefen hanya. In ka ga tururi ko ruwa na zuba, kashe motar nan take. Sannan ka nemi inuwa, aƙalla rabin awa. Kafin ka taɓa murfi, sa tsumma ka matsa babban tiyon sama. In ya yi tauri, da sauran matsi, ƙara haƙuri. In ya yi laushi, ka ninka tsumma mai kauri a kan murfin, ka kawar da fuska, ka murɗa kaɗan zuwa gaɓar farko, ka bari hucin ya gama fita tukuna.

Kuma don Allah a daina sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, ko a kansa ko a cikinsa. Kan silinda, wato ɓangaren saman inji, a yawancin motocin yanzu alminiyam ne, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Masu babbar riga da hirami kuma su tattare su kafin su leƙa, domin fankar lantarki kan tashi da kanta.

Wanda ya ƙone, a zuba masa ruwa mai sanyi yana kwarara a wurin na minti 20, a cire zobe da agogo kafin hannu ya kumbura. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba baƙin mai. In ƙunar ta taɓa fuska ko wuya ko hannu, ko tana da faɗi, a wuce asibiti.

Mai gabatarwa: Daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, wani mai Hilux na tambaya: ruwan rijiyar burtsatse ko fiya wata bai isa ba, sai an sayi wannan ruwa mai launi?

Bakanike: Malam, ka leƙa cikin butar da ake dafa shayi da ruwan burtsatse, za ka ga wani farin ɓawo ya kama gindinta. Shi ne ke taruwa a cikin siraran bututun lagireto, ga tsatsa kuma tana cin famfon ruwa. Ruwan mai launi yana da sinadarin hana tsatsa, yana kuma ƙara ɗaga ma'aunin tafasa. Wani a haɗe yake zuwa, zubawa kawai za ka yi. Wani sai ka gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir. Ka ji ni da kyau, tataccen ruwan, ba asid ɗin batir ba. Na Toyota mai ruwan hoda ana canza shi karon farko a kilomita 160,000, daga nan kuma duk 80,000. Jan, tsohon samfuri, shekara 2 ko kilomita 40,000. Kada ka haɗa iri biyu don launinsu ya zo ɗaya, launin rini ne kawai, ka karanta jikin galan.

In kana daji ruwa ya ƙare, zuba duk tsabtataccen ruwan da ka samu ka isa gari, daga baya a wanke a canza. Abu ɗaya kuma: wannan ruwan guba ne, yana kashe ƙoda, ga shi da zaƙi-zaƙi. Kada a ajiye shi a gorar lemo, kada a tsiyaye shi a tsakar gida inda yara da awaki ke yawo.

Mai gabatarwa: Wani kuma daga Potiskum ya ce an ba shi laƙanin fasa ƙwai ko zuba garin barkono in lagireto na yoyo.

Bakanike: Yakan toshe ƙaramar huda, ya fitar da kai daga daji. Sai dai bai san huda daga bututu ba, duka yake toshewa. Kana isa gari ka kai wa mai gyaran lagireto, ka gaya masa gaskiyar abin da ka zuba.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, lokaci na hararar mu. Direba daga Gusau ya ce kullum sai ya ƙara ruwa, amma bai ga ɗigo a ƙasa ba.

Bakanike: Ya fara canza murfin lagireton, shi ya fi araha, robarsa na iya mutuwa. In bai daina ba, da safe kafin inji ya ɗumama ya buɗe murfi ya tada motar. Kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko farin hayaƙi a salansa bayan mota ta yi zafi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji. Ya ajiye ta, kuma ya tabbatar an auna kan silinda kafin a ɗaura sabo.

Mai gabatarwa: Madalla, mun gode Oga. Sauran wasiƙun da suka shafi birki da taya sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.