Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Sufuri a Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa ta Bauchi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma Ministan Sufuri na Tarayya, wakilin Mai Girma Gwamna, wakilin Mai Martaba Sarkin Bauchi, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara, hakimai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan jarida, jama'a baki ɗaya, Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin mazauna unguwar Reluwe, da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, da 'yan kasuwar da ke cin abinci a gefen wannan tasha, muna yi maka barka da zuwa Bauchin Yakubu. Aikinka ya riga ka isowa, kuma ba mu ne za mu ba jama'a labarin ƙwazonka ba. Da ka ga dama da ka tsaya a gidan gwamnati an kawo maka rahoto a takarda. Sai ga shi ka tako da ƙafarka cikin ƙura da rana. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Tun da lokacinka kaɗan ne, bari mu fara da abin da ya hana mu barci. Muna roƙonka, idan aikin gyaran layin dogo ya iso Bauchi, kada a rushe wannan tsohuwar tasha, kada kuma a ɗauke tsayawar jirgi a kai ta bayan gari. Sauran buƙatunmu duk a bayan wannan suke.

Ranka ya daɗe, garin nan ba baƙon gini ba ne. Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa shi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa, kuma har gobe da ƙofofinta muke yi wa baƙo kwatance: Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Wambai. A ƙasar nan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, ya gina gidan Madaki a Kafin Madaki, da ƙasa da azara, babu siminti babu rodi. A 1956 aka sa gidan cikin kayan tarihin ƙasa, yana cikin na farko-farko a duk Najeriya, kuma yana nan tsaye. Amma mun san zafin rashi ma. Ganuwar da muke alfahari da ita, ruwan sama ya ci wani sashe, masu ɗibar ƙasa sun ci wani, gine-gine sun hau saura. Yaranmu suna jin sunan ƙofa, ba su san bangon da ƙofar ta tsaga ba. Ba ma so a maimaita mana wannan a kan tashar jirgi.

Shi kansa jirgin, sai da muka sha jira kafin mu gan shi. Turawa sun shimfiɗa wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, aka gama a 1914, suka sa masa sunan Bauchi. Kuza suke so, don haka inda kuza ta ƙare nan layin ya ƙare. Har aka rufe shi a 1957 bai taɓa shigowa garin da ya ari sunansa ba. Sai a 1958 aka fara aikin diga daga Kuru, kusa da Jos, zuwa Barno, da rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, rance na farko da bankin ya ba Najeriya. Jirgi ya iso Bauchi a 1961, ya kai Gombe a 1963, ya shiga Maiduguri a 1964. Duk wannan a zamanin ɗanmu ne, marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya riƙe ma'aikatar sufuri kafin ya zama Firayim Minista a 1957. Kujerar da kake kai yau, ranka ya daɗe, ɗan Bauchi ya taɓa zama a kanta, kuma kabarinsa yana cikin garin nan. Wannan tasha aikin zamaninsa ce. Wane ne zai so a ce a lokacinsa aka kawo katafila aka baje ta?

Akwai dattawa zaune a gabanka waɗanda suka loda gyaɗa da auduga da fatu a taragu a nan wurin, suka ga shanu sun tafi kurmi a jirgi maimakon a kora su a ƙasa. Jirgi ne ya kawo mana Ibo da Yarbawa da Tibi ma'aikata, suka zauna a kwatas, 'ya'yansu suka tashi da Hausa a baki. Unguwa guda ta tsiro saboda tasha: masu abinci, masu shayi, 'yan dako, teloli, makanikai. Da jirgi ya daina zuwa, kasuwar kowa ta mutu tare. Yau shekaru ke nan ba mu ji kukansa ba. Ciyawa ta rufe layi, kwano ya yi tsatsa, ɓarayin ƙarfe suna bin dare suna kwance abin da suka samu su sayar wa 'yan gwangwan. Muna ji a rediyo an buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, ga na Kano zuwa Maraɗi ana yi. Muna taya su murna da zuciya ɗaya, amma Arewa maso Gabas ma Najeriya ce. A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da gyaran layinmu, kilomita 1,443 daga Fatakwal zuwa Maiduguri. Mun yi murna ranar, kuma har yanzu muna zuba ido.

To, ga abin da muke tsoro. Ɗan kwangila idan ya zo, rushewa ta fi masa sauƙi, kuma sabon gini ya fi kawo masa riba. Za a ce tsohon ginin ya gaji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ranka ya daɗe: a iya ganinmu rufi da tagogi ne suka gaji. Muna roƙo a turo injiniyoyi su duba bango da harsashi, a haɗa su da malaman zanen gini na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan garin, kafin kowa ya yanke hukunci. Bangon da ke tsaye an riga an biya kuɗinsa tun zamanin iyayenmu. Idan aka rushe shi, sai a biya na rushewa, a biya na kwashe ɓaraguzai, a sake sayen siminti da rodi a farashin yau, wanda kowa a nan ya san yadda yake. A Ebute Metta ta Legas an gyara gidan Jaekel, tsohon gidan ma'aikatan reluwe da aka gina tun 1898, ya zama gidan adana tarihin jirgin ƙasa, ɗalibai suna zuwa kallo. Namu ginin bai wuce rabin shekarunsa ba sosai, me zai hana a yi mana haka?

Ba kuma cewa muke a kulle shi a riƙa kallo daga nesa ba. So muke ya yi aiki. Ɗakin jiran fasinja ya koma ɗakin jiran fasinja. Siton kaya a raba shi rumfuna, a ba mata masu sana'a da matasa masu ɗinki da gyaran waya haya mai sauƙi, kuɗin hayar ya riƙa komawa kan gyaran ginin. Ɗaki ɗaya ya isa a ajiye tsofaffin fitilu da tutocin ba da hannu da hotuna, dattawan nan suna da su a gida kuma sun ce za su bayar. Filin gaba a tsara shi, a yi wa motocin haya da masu Keke Napep wurin tsayawa, yadda wanda ya sauka daga jirgi zai taka 'yan taku ya hau abin da zai kai shi Wunti ko kasuwar Muda Lawal, mai zuwa Yankari ya sami mota a nan take. Gidajen kwatas a gyara su mutane su ci gaba da zama, domin tashar da ke da maƙwabta ba ta zama maɓoyar ɓarayi. Itatuwan da ke ba da inuwa kuma a bar mana su.

Duk wannan ba zai yiwu ba idan aka kai tasha daji. Wanda ya hau jirgin Abuja ya san tazarar tashar Idu da tsakiyar birni, ya san abin da ake kashewa kafin a isa. Talakan Bauchi ba zai iya biyan kuɗin mota da ya kusa kuɗin tikiti ba, kuma tsohuwa mai ɗauke da buhun masara ba za ta iya ba ko kaɗan. Idan jirgi bai tsaya a nan ba, rumfuna ba za su sami mai saye ba, ginin kuma zai mutu ko da ba a taɓa shi da katafila ba.

Kafin babban aiki ya iso, muna roƙon a sa masu gadi, a toshe rufin da ke zuba kafin damina, domin kowace damina tana tafiya da wani abu. Idan an tashi ɗaukar ma'aikata, a tuna da birkiloli da kafintoci da maginan garin nan. Tsofaffin ma'aikata kuma sun ce lallai mu ambaci fanshonsu, ga shi mun ambata.

Ranka ya daɗe, mun san za ka yi mana magana mai daɗi yau, kuma mun yarda da kai. Amma minista yana canzawa, ɗan kwangila kuwa takarda yake bi. Shi ya sa muke roƙo ka sa a rubuta a cikin yarjejeniyar kwangila cewa ba za a rushe tsohuwar tashar Bauchi ba, kuma a nan jirgi zai riƙa tsayawa. Ka kuma taimaka da wasiƙa zuwa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, a duba yiwuwar sa ginin cikin waɗanda doka ta kare. Kwafin buƙatun nan yana hannun sakatarenmu, zai miƙa maka yanzu a gaban iyayen ƙasa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙo, ya mai da kai da tawagarka gida lafiya. Wassalamu alaikum.

Shugaban kwamitin tarba, a madadin jama'ar unguwar Reluwe, Bauchi.