Amsoshin Tambayoyinku: Ta Ina Ɗalibi Zai Kama Muƙalar Tarihin Duniya?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk na ɗalibai ne, kuma kukansu ɗaya: an ce su rubuta muƙala kan yaƙe-yaƙe, ko shugabanni, ko lokutan da tarihin duniya ya sauya alƙibla, sun rasa ta inda za su kama. Muna tare da malamin tarihi da zai warware mana. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai, Malama.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga wata ɗaliba ce. Ta ce ta zaɓi Yaƙin Duniya na Biyu, ta cika shafi shida, amma mai duba takardar ya rubuta mata cewa labari ta bayar, ba muƙala ta yi ba. Tana tambaya, ina kuskuren yake?

Malam: 'Yata, kuskuren tun daga take yake. "Yaƙin Duniya na Biyu" suna ne kawai. Yaƙin ya ɗauki shekara shida, daga 1939 zuwa 1945, ya ratsa Turai da Afirka da Asiya. Duk wanda ya ɗauki suna irin wannan ba shi da abin yi sai jero abubuwa: sannan aka yi kaza, sannan aka yi kaza. Muƙala kuwa amsa ce ga tambayar da masu hankali biyu za su iya yin saɓani a kanta. Don haka ki rage lokacin, ki rage wurin, sannan ki mayar da abin da ya saura tambaya.

Ga misali: "Shin Yarjejeniyar Versailles ce ta kai Hitila kan mulki?" Kin ga yanzu kina da ƙasa ɗaya, Jamus, da shekara goma sha huɗu, 1919 zuwa 1933. Sai ki ja layi a tsakiyar takarda. A gefe ɗaya ki zuba hujjojin masu cewa e. An sa hannu kan yarjejeniyar, wadda aka ƙulla da Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ranar 28 ga Yuni 1919. Sashe na 231 ya ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin ɓarnar yaƙin farko. An taƙaita sojojinta zuwa 100,000, aka mayar wa Faransa yankin Alsace-Lorraine, aka ƙwace mata ƙasashen da take yi wa mulkin mallaka irin su Togo da Kamaru. A 1921 kuma aka yanka mata diyyar mark (kuɗin Jamus) biliyan 132 na zinariya.

A ɗaya gefen ki rubuta abin da yawancin ɗalibai suke tsallakewa. A zaɓen 1928, wato shekara tara bayan yarjejeniyar, jam'iyyar Nazi ta Hitila kashi 2.6 cikin ɗari kacal ta samu. In da zafin Versailles kaɗai ya isa, me ya hana Jamusawa zaɓar Hitila a lokacin? Sai da kasuwar hannun jarin Amurka ta faɗi a Oktoba 1929, bashin da Jamus ke samu daga can ya tsaya, masana'antu suka rufe, sannan ƙuri'unsa suka haura zuwa kashi 18.3 a 1930, suka kai 37.3 a Yuli 1932, lokacin da marasa aikin yi suka kai kusan miliyan shida. Duk da haka bai taɓa samun rinjaye a zaɓe na gaskiya ba. Ƙuri'unsa ma raguwa suka yi a Nuwamba 1932. Ƙulle-ƙullen 'yan siyasa irin su Franz von Papen ne suka sa Shugaba Hindenburg ya naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933.

Daga nan sai ki fitar da matsayarki a jimla ɗaya, misali: Versailles ta ba Hitila abin yin kamfe, karyewar tattalin arziki ta ba shi magoya baya, 'yan siyasa suka buɗe masa ƙofa. Wannan jimla ita ce ƙashin bayan muƙalar. Duk sakin layin da bai taimake ta ba, ki cire shi ko da ya yi miki daɗi.

Mai gabatarwa: To Malam, in ɗalibi ya ɗauki matsayar da ta saɓa wa taka fa?

Malam: Ba laifi ko kaɗan. Ana ba da maki ne kan yadda aka kafa hujja. Abin da ke zubar da maki shi ne mutum ya ɓoye hujjar da ba ta yi masa daɗi ba, kamar ya ƙi ambatar zaɓen 1928 don kada ya rushe masa magana.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibi kuma ya ce an ba shi Sarki Menelik na Biyu na Habasha. Ya fara da haihuwarsa da ƙuruciyarsa, kafin ya iso yaƙin Adwa takarda ta ƙare.

Malam: Wannan ciwo ne da ya zama ruwan dare a muƙalar shugabanni. Ɗana, ba tarihin rayuwa aka tambaye ka ba. Ka zaɓi shawara ɗaya da shugaban ya yanke, ka yi mata tambaya uku: waɗanne hanyoyi ne a gabansa a ranar, me ya sani a lokacin, kuma me ya biyo baya.

Menelik ya dace da wannan sosai. A 1889 ya ƙulla Yarjejeniyar Wuchale da Italiya. Sashe na 17 a rubutun Amharik ya ce sarki yana iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da sauran ƙasashe in ya ga dama. A rubutun Italiyanci kuwa an mayar da abin dole, wanda ke nufin Habasha ta shiga ƙarƙashin kariyar Italiya. Ka lura da abin da ya yi: bai ruga fagen fama ba. Ya rubuta wa shugabannin Turai yana musanta fassarar, ya ci gaba da sayen bindigogi, musamman ta hannun Faransawa, ya soke yarjejeniyar a 1893, ya lallashi manyan hakiman da a da suke adawa da shi. Sai a 1895 ya kira gangami. Ranar 1 ga Maris 1896 a Adwa, yana da mayaƙa kusan 100,000, rundunar Janar Baratieri na Italiya kuwa ba ta kai 20,000 ba, ga shi ta rarrabu a cikin duwatsu da dare saboda taswirarta ba ta da kyau. Matarsa Sarauniya Taytu ma da nata mayaƙan ta je.

Ka ga tambayoyi sun fito da kansu. Shin a fagen Adwa aka ci yaƙin, ko a shekara bakwai na shiri kafinsa? Ko kuma wadda ta fi wuya: me ya sa bayan nasara bai bi Italiyawa ya kore su daga Eritiriya ba, ya amince da sulhun Adis Ababa a Oktoba 1896? Nan za ka yi maganar ƙarancin abinci ga runduna mai yawa haka, da gudun kada Italiya ta aiko da wata sabuwa.

Sai gargaɗi ɗaya, kuma ina so ɗalibai su ji shi da kyau. Muƙala ba kirari ba ce. Menelik ɗin da ya kare ƙasarsa daga Turawa shi ne ya ci Harar da yaƙi a 1887, ya ci Kaffa a 1897, kuma zuriyar waɗancan al'ummomi ba da ido ɗaya suke kallonsa da sauran ba. Haka Napoleon: shi ya kafa kundin dokokin farar hula na Faransa a 1804, shi ne kuma ya maido da bauta a wasu yankunan mallakar Faransa a 1802. Wanda ya kawo rabi ya bar rabi bai yi wa mai karatu adalci ba.

Mai gabatarwa: Ga wata daga wani malamin sakandare. Ya ce ɗalibansa kowane abu sai su kira shi mararrabar tarihi. Yaya ake gane ta gaskiya?

Malam: Madalla da wannan tambaya, Malam. Ka sa su yi gwaji mai sauƙi. Su kwatanta yadda abubuwa suke shekara ashirin ko hamsin kafin lamarin, su kwatanta yadda suke bayansa, sannan su tambayi kansu: canjin nan, ya riga ya kama hanya ne tun kafin lamarin? In ya riga ya kama hanya, to lamarin alama ce, ba shi ne sanadi ba.

Ɗauki faɗuwar Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Muhammad na Biyu, yana ɗan shekara 21, ya ci birnin ranar 29 ga Mayu 1453 bayan ƙawanya ta kwana 53. Ɗalibai da yawa sukan rubuta cewa wannan ne ya toshe hanyar kayan yaji, ya tilasta wa Turawa neman hanyar teku zuwa Indiya. A gwada maganar da shekaru. Fotugal ta kama birnin Ceuta da ke gaɓar arewacin Afirka a 1415. Jirginta ya wuce tsinin Bojador a gaɓar yammacin Afirka a 1434, shekara 19 kafin birnin ya faɗi. Sannan yawancin kayan yajin da 'yan kasuwar Venice ke saye ta Iskandariyya da Beirut suke fitowa, waɗanda ke hannun sarakunan Mamluk na Masar, kuma Turkawa ba su ci Masar ba sai 1517, bayan Vasco da Gama ya riga ya isa Indiya a 1498. Ka ga maganar ta yi rauni. Abin da 1453 ta canza da gaske shi ne ta kawo ƙarshen daular Rumawan gabas, ta ba Turkawa babban birni mai riƙe da mashigin Bahar Aswad, ta kuma nuna cewa ganuwar da ta yi shekara dubu tana tsaye ba za ta jure wa manyan igwa ba.

In kana son misalin da ya ci gwajin, ga rikicin Suwes. Gamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin mallakar Masar ranar 26 ga Yuli 1956. Isra'ila da Birtaniya da Faransa suka kai hari a ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba. A fagen daga sun yi galaba, amma Amurka ta matsa wa Birtaniya ta fuskar kuɗi, dole suka janye, Firaministan Birtaniya Eden ya sauka a Janairu 1957. Daga nan kowa ya gane Birtaniya ba ta iya yin babban yaƙi ba da yardar Amurka ba. Ko nan ɗin, ɗalibi mai kaifi zai tuna cewa Indiya ta samu 'yanci daga Birtaniya tun 1947, wato raunin Birtaniya ya riga ya kama hanya.

Mai gabatarwa: Wata ɗaliba ta ce ta karanta a intanet cewa a taron Berlin aka shimfiɗa taswira aka yanka Afirka da abin ja layi. Ta rubuta haka?

Malam: Kada ki rubuta haka, 'yata. An yi taron daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885, ƙasashe 14 suka halarta, babu wakilin Afirka ko ɗaya. Wannan gaskiya ne, kuma ya isa abin takaici. Amma abin da suka sa wa hannu ƙa'idoji ne: 'yancin ciniki a yankin Kongo, 'yancin zirga-zirgar jirage a kogunan Kongo da Neja, da sharaɗin cewa mai da'awar sabon yanki a gaɓar teku ya sanar da sauran kuma ya kafa iko na zahiri a wurin. Iyakokin kansu daga baya aka shata su, ta yarjejeniyoyi tsakanin ƙasa da ƙasa, kamar wadda Birtaniya da Jamus suka ƙulla a 1890. Takardar taron tana nan, ba ta da tsawo. Duk inda takardar asali take samuwa, ki karanta ta da kanki kafin ki karanta abin da aka faɗa a kanta. Haka nan duk wata magana da aka jingina wa wani shugaba, in ba ki ga ranar da ya faɗe ta da wurin ba, ki bar ta.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe gajeruwa ce. Mai tambaya yana son sanin yadda zai raba kalmomi da lokaci.

Malam: In muƙalar kalma 1,500 ce, gabatarwa ta ci 150, kuma matsayarka ta fito a cikinta. Hujjoji uku, kowace 300. Sakin layi ɗaya na 300 ga hujja mafi ƙarfi da ke adawa da matsayarka, tare da amsarka. Kammalawa 150, ba tare da sabuwar magana ba. Kowane sakin layi ya ƙunshi aƙalla shekara ɗaya ko adadi ɗaya da ka tabbatar. A zauren jarrabawa, in minti 45 gare ka, ka ba tsari minti 7, rubutu 33, dubawa 5. Wajen dubawar, shekaru za ka fara bi, domin wanda ya sa sakamako ya riga sanadinsa a kalanda ya rushe hujjarsa da hannunsa. Shekarar da kake shakka kuma, gara ka ce "a farkon shekarun 1930" da ka ƙaga wata.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam. Sauran wasiƙun, ciki har da masu tambaya kan juyin juya halin Haiti da rikicin makamai masu linzami na Kyuba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.