Yadda Ake Ƙirga Abin da Ba Ya Tsayawa a Ƙirga Shi

To, jama'a, bari in fara da tambaya. In aka kai ka bakin tafki aka ce faɗi yawan kifin da ke ciki, ya za ka yi? Kwashe ruwan za ka yi? Masu nazarin halittu da muhallinsu da wannan matsala suke kwana suke tashi. Ba mai iya ƙirga komai da komai, sai dai a ɗebi kaɗan a ƙiyasta sauran.

Tsirrai ba su da wuya, tunda ba sa gudu. Firam ake samu mai kusurwa huɗu, galibi mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, ana ce masa kwadirat. A aza shi ƙasa, a ƙirga abin da ke ciki, a maimaita a wurare da dama. Sai dai kada ka bar idonka ya zaɓa maka wurin, don ido inda ciyawa ta yi kyau yake so. A raba filin a taswira, ƙuri'a ko kwamfuta ta yi zaɓin.

Dabba ita ce aiki. A 1896 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Johannes Petersen, yana maƙala wa kifi alama yana mayar da shi ruwa. A 1930 kuma Frederick Lincoln na Amurka ya ƙiyasta yawan agwagin daji ta zoben da ake sa musu a ƙafa. Da sunan su biyun ake kiran dabarar har yau.

Ku biyo ni a hankali. Ka kama kifi 60, ka yi musu alama, ka sake su. Bayan sun gauraya da 'yan'uwansu ka dawo ka kama 50, sai ka tarar 10 na da alama. Ɗaya cikin biyar ke nan. Ashe 60 ɗin farko su ma ɗaya bisa biyar ne na duk kifin tafkin, wato kimanin 300.

Lissafi mai daɗi ko? Amma da sharaɗi. Kada a samu haihuwa, ko baƙi su shigo tsakanin kamun biyu, kuma kada alamar ta goge. Ni abin da ya fi ba ni dariya shi ne halin ɓera. Wani in ya ɗanɗana abincin tarko, kullum sai ya dawo, masu alama su yi yawa a kamu na biyu, ƙiyasinka ya faɗi ƙasa da gaskiya. Wani kuwa tsorata yake yi, ba ka ƙara ganinsa, ƙiyasin ya zarce. Haka in ka shafa wa dabba fenti mai ɗaukar ido: ka tallata ta ga shaho, ka kuma ɓata lissafinka da hannunka.

Shi ya sa nake yaba abin da wani masanin namun daji, Ullas Karanth, ya yi a dajin Nagarahole na Indiya a shekarun 1990. Kyamarori ya girke a hanyoyin da damisa mai ratsi ke bi. Babu biyu da ratsinsu ya zo ɗaya, don haka kowace da alamarta ta zo duniya. Hoton farko shi ne kamu, na biyu shi ne sake kamu, lissafin nan dai na ɗazu, ba tare da an taɓa ko gashinta ba.