Fiɗiyar Kare: Me Take Yi wa Gashi, Me Take Yi wa Ƙashi

Auta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau mu uku ne, ni da Yaya Likita, wanda likitan dabbobi ne, sai kuma Kawu da ya taso tun daga ƙauye. Kawu, barkanku da zuwa.

Kawu: Barka kadai, Auta. Gero ya shiga rumbu, ciyawa kuma ba ta gama bushewa ba balle a fita farauta, don haka ina da sarari.

Auta: Maganar yau daga gidanmu ta fito. Karen da muke da shi, Alsashiyan ne, watansa 8, ya fara haura katanga da dare. Wani ya ce a fiɗiye shi a huta. Wani kuma ya ce kada in kuskura, gashinsa zai lalace, ya yi teɓa, ya daina gadi. Yaya, wanne zan ɗauka?

Likita: Kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Amma bari mu fara jin Kawu, don tun ba a haife mu ba yake tare da karnuka.

Kawu: Ni dai na fi shekara 40 ina riƙon karnuka, kuma na sha sa a dandaƙe wanda ya cika yawo. Karen da hankalinsa ke kan karya ba ya tsayawa kan sawu. Kana bin zomo, shi ya ji ƙanshi daga wata ruga, shi ke nan sai bayan kwana uku ya dawo da kunne a yage. Amma maganar gashi, ban taɓa ganin ya sauya ba ko sau ɗaya.

Likita: Ba za ku gani ba kuwa, Kawu, domin karnukanmu na gida gashinsu gajere ne, a kwance yake jikin fata. Haka Azawak, dogon karen nan na Buzaye da ake samu a Nijar da Mali, gashinsa kamar an shafa ne. Irin waɗannan ko an fiɗiye su da wuya ido ya ga bambanci. Inda abin ke fitowa fili shi ne karnukan Turai masu dogon gashi mai santsi, irin su Cocker Spaniel da Irish Setter da Golden Retriever.

Auta: Yaya abin yake fitowa?

Likita: Ka taɓa tura yatsunka cikin gashin karenka ka duba?

Auta: Na taɓa. Akwai mai tauri a sama, akwai wani mai laushi a ƙasa kamar auduga.

Likita: Yauwa. Na saman shi ne mai ƙyalli, shi ke tare ruwa da ƙura. Na ƙasan shi ne bargo. Kowane silin gashi yana da lokacinsa: ya tsiro, ya tsaya, ya zube, wani ya maye gurbinsa. Sinadaran da maraina ke fitarwa suna da hannu a wannan jerin. In aka cire marainan, a wasu karnukan sai gashin ƙasan ya ƙi zubewa a kan kari, ya yi ta tsirowa har ya rinjayi na sama. Sai ka ga kare ya yi buzu-buzu, ƙyallin ya dushe, launin ya koɗe, gashin yana saurin cukurkuɗewa a bayan kunne da cinyoyi. Ba nan take ba, sai an yi watanni.

Auta: To nawa fa?

Likita: Naka yana da gashi hawa biyu, don haka yana iya ƙara kauri. Ba kowane ke yi ba. In ma ya yi, ba ciwo ba ne, aikin mataji ne. Sai dai a ƙasarmu ina ɗaukar abin da muhimmanci fiye da yadda Bature zai ɗauke shi. Ka tuna zafin Maris da Afrilu. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi. Ka haɗa masa bargon da ya ƙi zubewa da kitsen da ya taru, ka ɗaure shi a rana, ai ka cuce shi. Kuma kaska tana samun maɓoya a cukurkuɗaɗɗen gashi.

Kawu: To ɗana, waɗanda nake gani a gari gashi ya zube, fata duk ta yi ɓawo, mutane na cewa dandaƙa ce ta jawo?

Likita: Wannan yawanci ƙazwa ce, Kawu, ko ƙuma, ko tsutsar ciki, ko yunwa. Karen da abincinsa ƙanzon tuwo ne kullum, ba nama ba kifi ba ƙwai, gashinsa ba zai yi kyau ba ko da marainansa ko babu. Abin da ke ƙona min rai shi ne baƙin mai. Sai mutum ya ɗebo baƙin man inji ya shafe kare da shi wai maganin ƙazwa. Karen ya lashe, gubar ta shiga cikinsa, fatar ta ƙone. Alhali akwai magani a wurin likitan dabbobi, kuma ba ya da tsada sosai.

Kawu: Ana yi kam. Ni da man shanu da toka na taso na ga ana yi, daga baya baƙin mai ya shigo.

Likita: Akwai ma inda fiɗiyar ce ke dawo da gashin. Wani karen za ka ga maraininsa ɗaya bai sauko ba, ya maƙale a ciki. Irin wannan ya fi saurin zama ƙari nesa ba kusa ba. Wani nau'in ƙarin kuma sinadarin mace yake fitarwa. Sai gashi ya zube ta gefe biyu daidai wa daida, ba tare da ƙaiƙayi ba, fata ta yi baƙi, nonuwa su kumbura, har wasu karnuka maza su riƙa bin sa. In aka buɗe aka cire, cikin 'yan watanni gashi ya dawo. Don haka duk mai kwikwiyo ya duba. In ya kai wata 6 kana jin ɗaya kawai, ka kai shi a gani.

Auta: Ka ambaci kitse. Ashe ƙibar gaskiya ce?

Likita: Ita ce ma abin da na fi tabbatar maka zai faru in ba ka kula ba. Bayan fiɗiya jiki yana rage ƙona abinci, cin kuma yana ƙaruwa, yawon dare da ke narkar da kitsen ya tsaya. Ka rage masa wajen kashi 1 cikin 4 na abin da yake ci, ka riƙa fita da shi. Ma'aunin mai sauƙi ne: shafa gefen ƙirjinsa. In kana jin haƙarƙari ba sai ka danna ba, daidai yake. In sai ka laluba, ya yi yawa.

Kawu: Nawa ba su taɓa teɓa ba.

Likita: Naku suna gudu a daji tun asuba, Kawu. Karen Auta tsakar gida ce duniyarsa.

Auta: To in haka ne gobe ma sai in kawo shi.

Likita: A'a, dakata. Nan ne ainihin maganar, kuma ta fi ta gashi nauyi. Ƙashin kwikwiyo yana tsawo ne daga wani guringuntsi da ke kusa da ƙarshen ƙashin. Sinadarin namiji, testosteron, yana cikin abin da ke rufe wurin in girma ya kammala. In ka cire shi da wuri, ƙashin ya ci gaba da tsawo fiye da ƙima, zaman gaɓa ya sauya. A Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, an bi bayanan asibitinsu na dabbobi. A 2013 suka fitar da na Golden Retriever: mazan da aka fiɗiye kafin shekara 1, kashi 10 cikin 100 sun samu lalacewar gaɓar ƙugu, ninki biyu na waɗanda aka bari. A 2016 suka fitar da na irin karenka. Waɗanda ba a fiɗiye ba, kashi 7 cikin 100 ne suka samu ciwon gaɓa. Waɗanda aka yi wa kafin shekara 1, kashi 21.

Auta: Ninki uku ke nan.

Likita: Ninki uku. Ƙugu, gwiwar hannu, ko tsinkewar jijiyar gwiwa. Kuma Alsashiyan dama can mai raunin ƙugu ne. Da suka faɗaɗa binciken a 2020 zuwa nau'i 35, sai aka ga ƙananan karnuka ba su cika shiga wannan haɗarin ba. Manya masu nauyi ne abin ke kamawa.

Kawu: Mu ma ba ma taɓa kwikwiyo. Sai ya cika, ƙirji ya buɗe, ya yi farauta ɗaya ko biyu an ga halinsa.

Likita: Kun yi daidai, Kawu. Ni a Alsashiyan na fi son a jira ya haura shekara 1, in da hali ma ya doshi 2. Kuma ba dole ba ne kowane kare sai an yi masa. A Amurka yawancin karnukan gida fiɗiyayyu ne. A Norwe kuwa doka ba ta yarda a yi haka kawai ba, sai da dalilin lafiya ko walwalar dabbar. Bambancin shi ne su can kare ba ya yawo sakaka.

Auta: Nawa kuma yana haura katanga.

Likita: Shi ya sa ban ce kada a yi ba. Yawo shi ne halin da fiɗiya ta fi gyarawa. Tun 1976 wani bincike ya nuna ya ragu a wajen kashi 90 cikin 100 na karnukan da aka duba. Faɗa da sauran maza, da fitsarin shata iyaka, da hawan mutane, sun ragu a rabi ko fiye kaɗan. Kuma yawon nan a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Mota ta kaɗe shi, ko a sa masa guba. Ga wani ƙari da karnuka ke ɗauka wajen barbara, ya fito a al'aura kamar tsiron nama yana ɗigar jini. Muna ganin sa sosai a karnukan da ke yawo. Yana warkewa da allurar vincristine mako-mako, amma sai an kai shi.

Kawu: Ga kuma cutar haukan kare. Wannan na ga abin da take yi da idona. Yaro ne a ƙauyen maƙwabta, ɗan cizo ne a ƙafa, aka sa masa magani aka manta. Bayan wata biyu ya kasa shan ruwa. Allah Ya jiƙansa.

Auta: Amin.

Likita: Amin. A nan ina so kowa ya ji ni da kyau: fiɗiya ba ta kare kare daga hauka. Allura ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Filato tana yin rigakafin. A yi wa kwikwiyo yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Wanda kare ya ciza kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya nufi asibiti a ranar.

Auta: Gadi fa, Yaya? Shi ne amfaninsa a gidan.

Likita: Zai ci gaba da haushi. Tsaron gida hali ne da horo. Haka kuma karen da ke cizo don tsoro, fiɗiya ba ta gyara shi, wani lokaci ma tsoron ƙaruwa yake.

Kawu: Gudu da shinshina ma ba sa raguwa, wannan na shaida.

Auta: In ya tsufa fa?

Likita: Nan fiɗiyayye yana hutawa da abubuwa da dama. Ba ƙarin maraina. Akwai kuma wani ƙullutu ƙarƙashin mafitsara, furostet, wanda ke kumbura a mafi yawan tsofaffin karnukan da ba a fiɗiye ba, ka ga kare yana yunƙurin kashi, ko jini na ɗiga daga gabansa. Fiɗiya tana sa shi ya motse cikin makonni. Sai dai kansar furostet ɗin ba ta hana ta, an ma fi ganin ta kaɗan a fiɗiyayyu, duk da ba ta da yawa.

Kawu: To yadda muke yi a ƙauye fa? Mai dandaƙar awaki ne yake yi mana.

Likita: Kawu, ku gafarce ni, wannan kam ina roƙo a bari. Kare ba bunsuru ba ne. Ɗaurin roba, ko matsewa da ƙarfen dandaƙar shanu, ko reza ba allurar barci, azaba ce, kuma kare yana kai baki wurin ya yage. Na karɓi waɗanda jini ya ƙi tsayawa, na karɓi waɗanda tsutsa ta cika ciwon. Wanda ya riƙe kare don farauta ko kiwo ko gona, haƙƙinsa na wuyansa. A asibiti ana sa shi barci, a ɗaure jijiyoyin, a ɗinke, aikin bai cika wuce rabin awa ba. A hana shi abinci tun daren jajibiri. Bayan an yi, a sa masa abin wuyan nan mai kama da mazurari don kada ya lasa, a kore ƙuda, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac na mutane, suna huda masa ciki su taɓa ƙoda. Kuma a raba shi da karya wajen wata 1, don yana iya ba da ciki a wannan tsakanin.

Kawu: Na ji, ɗana. Akwai wani baƙin kare da nake shirin yi wa bana, shekararsa 2. Zan sa a kawo maka shi kafin a buɗe farauta.

Likita: Ku kawo shi da makonni 3 a gaba, Kawu, don ya warke kafin ya shiga ƙaya. Mu haɗa da allurar hauka, har sauran ma.

Auta: Ni kuma nawa?

Likita: Kai ka nemo magini ya ƙara wa katangar bulo uku, ka ɗauke tulin itacen da yake takawa ya hau. Ka sayi mataji mai haƙoran ƙarfe. Ranar Asabar ka kawo shi in duba marainan duka biyu sun sauko, in ga yadda yake taka ƙafar baya, sai mu sa rana.